Goɗiya a Bakin Ƙofa: Yadda Mutanen Wales Ke Shiga Sabuwar Shekara



Sharhinmu na yau zai kai mu Wales, yankin nan na yammacin tsibirin Birtaniya mai duwatsu da kwaruruka da garkunan tumaki, inda mutum miliyan 3 da ɗoriya suke zaune. Sarkinsu ɗaya da Ingila, amma kada ka kuskura ka ce wa mutumin Wales ɗan Ingila, nan take za ka ga ya ɗaure fuska. Suna da harshensu na kansu wanda ya riga Ingilishi zama a tsibirin, kuma a ƙidayar 2021 mutum 538,300 ne suka ce suna iya magana da shi. Abin da ya ja hankalina gare su shi ne yadda kakanninsu suke karɓar sabuwar shekara, da ɗan abin da ya rage na waɗannan al'adu har yau.

Sai mun fara da duhu, domin shi ne tushen komai. A ranar 21 ga Disamba, rana takan fito a Cardiff, babban birninsu, bayan ƙarfe 8 na safe, ta faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma. Yinin gaba ɗaya bai cika awa 8 ba. Saura duk dare ne, ga ruwan sama, ga iska mai sanyi daga teku. To ku ɗauko manomi na shekara 200 da suka wuce, ba wutar lantarki, gidansa a gefen dutse, maƙwabcinsa mafi kusa sai an taka an yi nisa. Gona ta yi barci, abincin da aka tara ya fara ja baya. A wasu gidajen gona, idan Kirsimeti ta zo, akan shigo da garma cikin ɗaki a tura ta ƙarƙashin teburin cin abinci, alamar aiki ya tsaya ke nan. Hutun yakan kai aƙalla 6 ga Janairu, a wasu wuraren ma ya zarce. A cikin waɗannan kwanaki na zaman jiran haske aka riƙa yin abubuwan da zan ba ku labari.

Ka ɗauka kana zaune a gida a wani ƙauye na gundumar Glamorgan, can kudu. Dare ya yi, an rufe ƙofa. Sai ka ji amon 'yan ƙararrawa da muryoyin maza suna waƙa a waje. Ka leƙa ta taga, sai ka yi ido huɗu da ƙoƙon kan doki, ƙashi tsantsa, fari fat, a kafe kan sanda. An cusa masa gindin kwalba a ramukan ido, an ɗaura masa ƙyallaye masu launi, an lulluɓe sandar da farin mayafi. Ƙarƙashin mayafin akwai mutum a ɓoye, shi yake sa muƙamuƙin ya buɗe ya rufe, ƙwas, ƙwas. Wannan ita ce Mari Lwyd, goɗiyar tsakiyar hunturu.

Ba ita kaɗai take yawo ba. Akwai jagora da ya ci ado, yana riƙe da linzami da 'yar bulala. Akan sami mai kiɗa. Wani lokaci kuma da wasu 'yan barkwanci biyu, Pwnsh da Siwan, dukansu maza, sun shafa baƙi a fuska, ɗaya ya yi shigar mata yana jan tsintsiya.

Kada siffar ta ɗauke muku hankali, domin ba a nan gizo yake saƙa ba. Goɗiyar ba ta faɗo wa mutane gida haka kawai. Sai ta nemi izini, kuma da waƙa. Mutanen waje su rera baiti suna roƙon a buɗe musu. Mutanen ciki su mayar da nasu baitin ta bayan ƙofa, su kawo uzurin da ya hana. Na waje su sake, na ciki su sake. Daga roƙo sai a gangara zambo: a ce muryarku ba daɗi, a ce ku kuma marowata ne, a ce kun sha kun yi tatul, a tono wani abin kunya da duk ƙauye ya sani amma ba a faɗa da rana. Baitocin farko sanannu ne, an gaje su, amma da wasa ya yi zafi sai kowa ya koma ƙirƙira nan take, kuma dole baitin ya hau karin da ake kai. Wannan fafatawa suna kiranta pwnco. Ɓangaren da bakinsa ya fara mutuwa shi ya faɗi. In mutanen gida ne suka rasa ta cewa, sai su zare sakata. Goɗiya ta kutso tana bin 'yan mata da yara tana karta haƙora, jagora yana yi kamar yana ƙoƙarin tsare ta, mai tsintsiya yana watsa tokar murhu, kowa yana ihu da dariya. A kawo waina irin tasu da abin sha, a ci, a yi waƙar bankwana tare da fatan alheri ga gidan, a wuce gida na gaba.

A ƙa'ida, in masu gida suka yi nasara, ayarin sai ya juya. A aikace galibi ana buɗe musu ko ta yaya, don ana ganin shigarta gida alheri ne ga shekara mai zuwa. Wato gasa ce da kowa ya san ƙarshenta tun kafin a fara, amma ba mai yarda a tsallake ta.

A ganina hikimar tana nan. Da yawa daga masu yawo da goɗiyar nan leburori ne da barorin gona da masu haƙar kwal. Gidajen da suke ƙwanƙwasawa sun haɗa da na masu hali. In talaka ya tsaya ƙofar mai gona ya ce a ba shi abinci, ya zama maroƙi. In kuwa ya kayar da mai gonar a fagen baiti, abin da ya ci ladan nasara ne, ya fita kansa a sama. Shi ma mai gida ya samu ya yi kyauta ba tare da ya nuna isa ba, har an yi masa ba'a a gaban iyalinsa ya haɗiye yana dariya. Ƙananan ƙullace-ƙullacen da suka taru shekara guda an amayar da su cikin waƙa, an bi da lomar abinci.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa dole ya tuna tashe: samari da yara suna bi gida-gida da dare a watan azumi, da shigar ban dariya, suna taɓa kowa da ba'a, a sallame su da hatsi ko 'yan kuɗi. Ba wata dangantaka ta tarihi tsakanin al'adun biyu, kowace da asalinta. Bambancin da ya fi burge ni shi ne, a tashe mai gida ɗan kallo ne, a Wales kuwa sai ya kare ƙofarsa da bakinsa.

Daga ina abin ya samo asali? Za ku ji masu cewa tun kafin zuwan Kiristanci ake yi, wai ragowar bautar doki ce ta mutanen da. Labarin yana da daɗin ji, yana kuma jawo 'yan yawon buɗe ido, sai dai hujja ta yi ƙaranci. Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci wasan ya fito ne a 1800, a littafin tafiye-tafiye na wani marubuci J. Evans. Masanin tarihi Ronald Hutton na Jami'ar Bristol yana cikin masu ganin ya fi kusa da wasannin dokin ƙarya da suka yi tashe a Birtaniya 'yan ƙarnuka kaɗan kafin nan. Ni dai ban ga abin da shekara dubu biyu za ta ƙara wa wasan ba. Shekara 200 ma ba kwana biyu ba ce.

Abin dariya shi ne yadda wasu baitocin suka tsira. A ƙarni na 19 wa'azin majami'u masu tsauri ya mamaye Wales, kuma malaman ba su ƙaunar goɗiyar nan ko kaɗan. Suna da hujjarsu, a gaskiya: ayarin da ya shiga gida goma, aka ba shi giya a kowanne, kun san yadda zai ƙare. A 1852 wani fasto ɗan ɗariƙar Baptist mai suna William Roberts, wanda aka fi sani da Nefydd, ya wallafa littafi yana la'antar wasan a matsayin ragowar zamanin jahiliyya. Don ya nuna wa jama'a munin abin, sai ya kwafo baitocin ya zuba a littafin. Masu raya al'adar daga baya suka mayar da littafin nasa ma'ajiya, suna ɗiba suna rerawa. Wasan ya yi ta ja baya a farkon ƙarni na 20 har ya kusa ɓacewa, sai 'yan wurare irin ƙauyen Llangynwyd, kusa da garin Maesteg, suka riƙe shi. Yau ya dawo da ƙarfinsa. Ana ganinsa a garuruwan da ba su taɓa saninsa ba, har ana yin kan goɗiyar da kwali don 'yan makaranta. Matsalar ita ce ƙashin doki ya fi sauƙin samu a kan mutanen da za su iya ƙirƙirar baiti nan take da harshen Wales.

Akwai wata al'adar da ba ta da hayaniya ko kaɗan, ana kiranta plygain. A da, tsakanin ƙarfe 3 da 6 na asubar Kirsimeti mutane suke haɗuwa a coci, kowa da kyandirinsa. Don kada barci ya kwashe su, iyalai sukan raba dare suna dafa alewa a bakin murhu. A cocin ba mai gabatarwa, ba jerin sunaye, ba kayan kiɗa. Mutum uku ko huɗu su miƙe su yi waƙarsu, su zauna, wasu su miƙe. Doka ɗaya ce: waƙar da aka riga aka yi ba a maimaita ta a wannan zama, saboda haka kowane rukuni sai ya zo da guzurin waƙoƙi fiye da ɗaya. Wasu waƙoƙin ma mallakar gidaje ne, ba a taɓa wa mutane kayansu. Al'adar ta rayu a tsakiyar Wales, wajen Montgomeryshire, ko da yake yanzu an fi yin ta da yamma, kuma tana kaiwa har cikin Janairu.

Safiyar sabuwar shekara kuwa ta yara ce. Tun da sassafe suke fita yawon calennig. Kowane yaro yana riƙe da tuffa ko lemo da aka soka wa tsinke uku ya tsaya kamar mai ƙafafu, an caccaka masa kanumfari ko ƙwayoyin hatsi, an kafa masa reshen itacen da ba ya kaɗe ganye a sama. Su tsaya ƙofa su yi 'yar waƙar fatan lafiya da wadata, a ba su kwabo ko burodi da cuku. Sharaɗin shi ne a gama kafin rana ta take tsaka. Wanda ya zo bayan ƙarfe 12 ya makara, sai dai a yi masa dariya. A kudancin Pembrokeshire, wajen garin Tenby, yara maza sukan ɗebo ruwan farko daga rijiya tun kafin gari ya waye, su tsoma reshe a ciki su yayyafa wa mutane a hannu da fuska, su yayyafa a ɗakuna. Ruwan sabuwar shekara ke nan. Manya kuma suna da nasu: a yi ƙoƙari a biya bashi kafin tsohuwar shekara ta fita, domin ana camfa cewa wanda ya shiga sabuwa da bashi a wuya, haka zai ƙare ta.

Hotunan yaran nan da tuffarsu suna da ban sha'awa, amma kada mu manta da buhun da wasunsu suke ratayawa. Ga gidajen talakawa, burodi da cukun da aka tara a wannan safiya abinci ne na kwanaki, a watan da ya fi kowane tsanani. Al'adar ta yi wa yunwa sutura ne.

Kuma tunda muna maganar gaskiya, ba duk al'adun hunturun Wales ne masu taushi ba. Masu tallar su a yau sun tsince masu kyau sun bar saura. A ranar 26 ga Disamba, a wasu yankuna, samari sukan sami reshe mai ganye mai ƙaya su bi 'yan mata masu aikin gida suna tsula musu a hannu har jini ya fito, wai wasa. Akwai farautar wani ɗan mitsitsin tsuntsu da ake kamawa a sa a akwatin katako mai ado a yi ta yawo da shi gida-gida. A garin Llandysul kuma, ranar tsohuwar sabuwar shekara akan buga wata irin ƙwallo tsakanin mutanen garin da na Llanwenog, ƙofofin coci biyu su ne raga, tsakaninsu tafiyar mil da yawa, ba alƙalin wasa, ga giya a ciki. Ana karya ƙafa, ana fasa kai. A 1833 limamin cocin garin ya maye gurbin wasan da taron makarantun Lahadi, inda ake karatun nassi da waƙa, kuma taron yana nan har gobe. Waɗannan al'adun da suka mutu, ba wanda ya isa ya sa ni yi musu kuka.

Kun ji na ce tsohuwar sabuwar shekara. Ba tuntuɓen harshe na yi ba.

Kalandar da Turai ta gada daga Julius Kaisar tana lissafa shekara da tsawon da ya zarce na gaskiya da kimanin minti 11. Ƙaramin abu ne, amma duk bayan shekara 128 ko kusa da haka sai ya taru ya zama kwana guda. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara lissafin, aka tsallake kwana 10. Ingila da Wales, da yake sun raba gari da Roma, suka ce ba su bin gyaran Paparoma. Suka yi ta jan ƙafa shekara 170, sai a 1752 dokar majalisa ta tilasta. Mutane suka kwanta ranar Laraba 2 ga Satumba, suka wayi gari ranar Alhamis 14 ga Satumba. Kwana 11 sun tafi a takarda. Dokar ce kuma ta mayar da farkon shekara a hukumance zuwa 1 ga Janairu, domin kafin nan 25 ga Maris ne. Har yau shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ne 6 ga Afrilu, tabon wancan sauyi ke nan. Mai karɓar haraji bai yarda ya yi asarar ko kwana ɗaya ba.

To akwai wani kwari a Pembrokeshire, kusa da garin Fishguard, ana ce masa Cwm Gwaun. Siriri ne, cike da itatuwa, mutanensa 'yan ɗaruruwa, yawancinsu manoma masu magana da harshen Wales. Su dai suka ce sun ji dokar Landan, za su bi ta a kasuwa da kotu, amma sabuwar shekararsu tana nan inda kakanni suka bar ta. Har yau ranar 13 ga Janairu suke bikin da suke kira Hen Galan. Yara su fita da safe, daga wannan gona zuwa waccan, suna waƙa ana ba su alewa da kuɗi. Da dare a yi girki na musamman, a taru a gidaje a raba dare ana hira da waƙa. Dattawan kwarin sukan ce a zamaninsu ranar ta fi Kirsimeti girma.

Ku lissafa tare da ni. Daga asubar plygain ranar 25 ga Disamba zuwa daren Hen Galan ranar 13 ga Janairu, kusan mako uku ke nan. Sabuwar shekarar mutanen nan ba ta faɗo musu a daƙiƙa ɗaya ba. Ta riƙa shigowa kaɗan-kaɗan, ƙofa bayan ƙofa, tana sallama.

Yanzu dubi yadda ake yi a Birtaniyar yau, har da Wales ɗin kanta, da ma duk inda talabijin da wayar salula suka kai salon. A ƙirga daga goma zuwa ɗaya, agogo ya buga 12, a harba wasan wuta, kowa ya ɗauki alkawari. Daga gobe zan rage ƙiba. Daga gobe na bar taba. Daga gobe zan riƙa tashi da asuba ina gudu. Tun 2013 ma akwai gangamin ƙaurace wa giya na tsawon watan Janairu. Ban raina ko ɗaya ba, niyyar gyara abin yabo ce. Amma ku saurari alkawuran da kyau: ni, ni, ni. Mutum shi kaɗai ya ja daga da kansa, a makon da ya fi kowane duhu da sanyi, aljihu ya bushe bayan hidimar biki. Kafin wata ya ƙare, da yawa sun saki, sun kuma ƙara wa kansu nauyin jin kunya a kan wanda suke ɗauke da shi.

A cikin tsofaffin al'adun da na lissafa, ba ko ɗaya da mutum zai iya yi shi kaɗai. Goɗiya tana buƙatar wanda zai amsa mata daga bayan ƙofa. Yaro mai tuffa yana buƙatar wanda zai buɗe. Ruwan rijiya a fuskar wani ake yayyafa shi. Bashi ma wani ake biya. Ba a nemi kowa ya zama sabon mutum kafin gari ya waye ba. An nemi ya taka ya je, ko ya tashi ya zare sakata. Mu muka ce zumunta a ƙafa take, su kuma suka aikata ta cikin laka da ruwan sama.

Ba wai mutanen Wales sun tsaya kan tsohon kaya kaɗai ba ne. A 1958 wani malamin makaranta, Bernard Baldwin, ya ƙirƙiro tseren daren sabuwar shekara a garin Mountain Ash, don tunawa da Guto Nyth Brân, gwanin gudu da ya rasu a 1737. Almara ta ce ya yi mil 12 cikin minti 53, ya ci gasa, masoyiyarsa ta daki bayansa don murna, ya faɗi matacce. Kowace shekara akan ɓoye sunan wani shahararren ɗan wasa, ya je ya ajiye fure a kabarin Guto a Llanwynno, ya gangaro gari da wutar yula a hannu, sannan dubban mutane su zuba a tituna. Gudun da mai alkawari yake shirin yi shi kaɗai da asuba, su sun mayar da shi na gari duka.

Wani abu na ƙarshe game da Cwm Gwaun, don masu son lissafi. Tazarar kalandar biyu ba a tsaye take ba. Kwana 11 ce a 1752, ta koma 12 a 1800, ta koma 13 a 1900. In da tsohuwar kalandar suke bi sau da ƙafa, a wannan zamani ranar 14 ga Janairu ya kamata su riƙa yin bikinsu, kamar yadda ake yi a Rasha da Sabiya. Mutanen Llandysul sun tsaya a 12 ga Janairu, na Cwm Gwaun sun tsaya a 13 ga wata, tsakaninsu kuwa tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. A shekara ta 2100 tazarar za ta sake ƙaruwa da kwana ɗaya, kuma ba na jin akwai wanda zai kira taro a kwarin don a gyara.